Filin Masu Karatu: 'Yan fashin tekun littafi da fim, jarumai ne ko ɓarayi?

Jama'a assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce mun nemi ku turo ra'ayinku kan labaran kasada na 'yan fashin tekun zamanin da, irin na takobi da igwa da jirgi mai tafiya da iska, ko a littafi ko a fim, har da waɗanda ake fassarawa da Hausa ana turawa a waya. To saƙonni kam sun shigo, wasu yabo wasu faɗa, wani ma cewa ya yi mujalla ta rasa abin yi. Mun zaɓo kaɗan, mun rage tsawon wasu, sunaye kuma mun cire kamar yadda muka saba.

Daga wani matashi mai gyaran waya, Kano:

"Malam barka da aiki. Ni dai gaskiya ba fim ɗin da nake so irin na 'yan fashin teku, in na samu ko abinci mantawa nake, musamman wajen da za a tsinci tsohuwar taswira a bi ta har tsibiri a haƙo akwatin zinari. Tambayata wai da gaske suna binne dukiya haka? kuma akun nan na kafaɗa da mai ƙafa ɗaya da sa mutum ya taka falanki ya faɗa ruwa duk an yi ko dai shiri ne kawai"

Yawwa ƙanena, ka fara da inda ya fi daɗi. Kusan duk abin da ka lissafo littafi ɗaya ne ya tattaro su, Treasure Island na Robert Louis Stevenson wanda ya fito a 1883. Taswira mai alama, mai ƙafa ɗaya da aku a kafaɗa, tsibirin da ba kowa, shi ya haɗa su wuri guda, waɗanda suka biyo baya suka yi ta kwafa har yau ba su gaji ba.

Binne dukiya an yi amma kaɗan ƙwarai. Wanda aka fi sani shi ne Kyaftin William Kidd, da ya binne wani abu daga ganimarsa a tsibirin Gardiners kusa da Niyok a 1699, kuma ba a jima ba hukuma ta je ta kwaso abinta aka kai Landan ya zama shaida a kansa, aka rataye shi a 1701. Ka ga ko taswira ba a nema ba. Sauran kuwa ba mutanen ajiya ba ne, wanda bai san ko zai kai baɗi ba me zai binne? Ana gama rabo su sauka gari irin su Port Royal a Jamaika ko Nassau, giya da caca da shashanci, kafin ka ce me aljihu ya koma wayam an sake ɗaga anga. Sannan ganimar ma ba kullum zinari ba ce, mafi yawanci sukari ne da taba da yadi da igiya da abinci. Blackbeard, ɗan fashin nan da ake ta zuzutawa, a watan Mayu na 1718 ya tare bakin tashar Charleston ta Amurka wajen mako guda ya kama manyan mutanen gari, ka san me ya nema fansa? akwatin magani.

Falanki kuma da wuya ka same shi a takardun shari'o'in wancan zamani, in suna son halaka mutum jefa shi suke kawai ba wani biki. Abin da aka tabbatar suna yi shi ne su sauke mutum a tsibiri shi kaɗai da kwalbar ruwa da bindiga da ɗan albarushi su tafi su bar shi. Baƙar tuta gaskiya ce, kowane kyaftin da irin zanensa, amfaninta a tsorata a miƙa wuya ba sai an yi faɗa ba, don faɗa yana ɓata jirgi yana ɓata kaya, su kuma kayan suka zo nema. Rasa hannu ko ƙafa ma ruwan dare ne a aikin, har diyya suke yanka wa wanda ya nakasa.

Daga wata uwa, Gusau:

"Assalamu alaikum Malam. Ni gaskiya raina ya ɓaci da na ga wannan fili. Mu nan da ido ɗaya muke kwana saboda ɓarayin daji, da wuya ka samu dangin da ba su san zafin haɗa kuɗin fansa ba, sannan yarona ya zauna yana tafa wa ɓarawo don ya ɗaura ɗankwali ya riƙe takobi yana ba da dariya. Ɓarawo ai ɓarawo ne ko a ruwa ko a daji. Dan Allah me ya sa ake wanke su ana maida su jarumai, kuma in hana shi kallo ne ko yaya"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya tsare ku da zuri'arku. Ba zan yi miki gardama ba ko kaɗan, cikin duk saƙonnin da suka zo naki ne ya fi tsaya min a rai, kuma tarihi yana bayanki.

Bari in ba ki labari ɗaya da ba kasafai masu fim ke so su taɓa ba. A watan Satumba na 1695 wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Every ya tare wani katon jirgi na Sarkin Indiya Aurangzeb, sunan jirgin Ganj-i-Sawai, ya taso daga wajen Bahar Maliya zai koma Surat, cikinsa da dukiya mai yawa da kuma alhazai masu dawowa daga Makka, maza da mata. Bayan sun ci jirgin suka kwashe kwanaki suna azabtar da mutane don su faɗi inda suka ɓoye kuɗi, suka ci mutuncin mata, har aka ruwaito wasu sun gwammace su faɗa ruwa. Sarki ya fusata ya sa aka kulle ma'aikatan kamfanin Ingila da ke kasuwanci a Surat, gwamnatin Ingila ta sa lada a kan Every, aka kama wasu yaransa aka rataye a Landan a 1696, shi kuwa ogan ya ɓace ba a sake kama shi ba. To abin haushin, ba a daɗe ba aka fara yi masa waƙoƙi da wasan kwaikwayo a Ingila ana nuna shi kamar wani sarki mai sa'a. Kin ga ke nan wankin ba yau aka fara ba, tun masu abin suna da rai.

Yadda marubuta ke yin wankin kuma dabara ce sananniya. Ba za su ba ki ɓarawo tsagwaronsa ba, sai an fara zaluntarsa tukuna. Misalin da kowa ya kwafa shi ne Captain Blood na Rafael Sabatini, 1922, jarumin likita ne da aka yanke wa hukuncin cin amanar ƙasa don kawai ya yi wa ɗan tawaye magani, aka kai shi Barbados aka sayar, ya gudu ya shiga teku. Kafin ya taɓa jirgin kowa mai karatu ya riga ya yafe masa. Sannan sai a sa wanda zai yi wa fashi ya zama mugun gwamna ko azzalumin kwamanda, ba za a taɓa nuna miki ƙaramin ɗan kasuwa da ya ci bashi ya yi lodi ba, ko masunci da aka ƙwace wa jirgi, su waɗannan ba sa shiga kyamara.

Amma kuma in na tsaya nan na rage miki gaskiya. Akwai dalilin da ya sa labarin ke jan mutane. Ma'aikacin jirgi a wancan lokaci bawan Allah ne mai shan wuya, bulala a kan ƙaramin laifi, abinci ruɓaɓɓe, albashi a riƙe, ga ciwon da ke zubar da haƙora saboda rashin ɗanyen abinci, kuma da aka gama babban yaƙin Turai a 1713 dubbai suka rasa aikin yi. A jirgin 'yan fashi kuwa ƙuri'a ake kaɗawa a zaɓi kyaftin, in ya gaza a sauke shi, rabo a fili, kyaftin kashi biyu, talakawan jirgi kashi ɗaya-ɗaya. Wannan 'yancin shi yaronki yake tafa wa, da kasada, da talakan da ya tsaya gaban mai mulki ya faɗa masa magana, ba na jin satar ce ke burge shi. Sai dai adalcin nasu a tsakaninsu ya tsaya, wanda ke ɗaya jirgin bai ga komai ba sai bakin bindiga.

Maganar hanawa, ke kika san ɗanki, amma a ganina hani zai sa ya koma kallo a wayar aboki inda ba kya nan. Ki zauna ku kalla tare ko sau ɗaya, in an ci jirgi ana ihu ki tambaye shi su waye a ciki, ina za su, wa ke jiransu a gida. Yaron da ya tashi a Zamfara ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Daga wani direba, zangon Kumasi:

"Malam ina gaisuwa daga Gana. Mun kai baƙi Cape Coast sai na ji mai zagayawa da mutane yana cewa an taɓa rataye 'yan fashin teku a nan. Na yi mamaki don ni a fim kullum Karebiyan nake ji, ban taɓa ganin an nuna gaɓar tekunmu ba kuma baƙar fata in ka gan shi to yana bayan jarumi ne yana jan igiya. Gaskiya ne abin da ya faɗa?"

Ɗan'uwa gaskiya ya faɗa maka, kuma ba ƙananan 'yan fashi ba ne. Wanda ya fi kowa kama jirage a wancan zamani, Bartholomew Roberts, ana ƙiyasta ya kama sama da 400, a nan ƙasarku ya fara. A 1719 yana ma'aikaci a wani jirgin cinikin bayi da ya tsaya a Anomabo 'yan fashi suka kama jirgin suka tafi da shi, cikin 'yan makonni shugabansu ya mutu suka zaɓe shi. Mutum ne mai tsari fa, dokokinsa a rubuce, ba caca da kati a jirgi, a kashe fitila ƙarfe takwas na dare, ba shigo da mace, makaɗa su huta ran Lahadi. Irin wannan marubuta ke so, sai su ce ga ɗan fashi mai ladabi.

To ga ladabin. A watan Janairu na 1722 ya shiga tashar Wida, a ƙasar Benin ta yanzu, ya tarar da jiragen bayi 11, ya ce kowanne ya fanshi kansa da garin zinari. Duk suka biya sai kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Porcupine, yaran Roberts suka cinna wa jirgin wuta da mutane wajen 80 a ɗaure da mari bibbiyu a ciki, wanda bai ƙone ba ya faɗa ruwa kifaye suka cinye. Wata guda bayan haka jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya riske shi a gaɓar Gabon, harsashin igwa ya same shi a wuya ya mutu. Aka kwaso yaransa zuwa gidan nan da ka gani a Cape Coast aka yi shari'a, aka rataye mutum 52. Baƙaƙen fata wajen 70 da aka samu a jiragensa kuwa ko shari'ar ba a yi musu ba, sayar da su aka yi.

Su waɗannan 'yan Afirka da ke cikin jiragen masana tarihi sun rabu a kansu, wasu na cewa a wasu jiragen suna da ƙuri'a da rabo kamar kowa, wasu na cewa mafi yawa aikin wahala ake sa su ko a ajiye su a matsayin kayan sayarwa, kuma alamu sun nuna duka biyun sun faru, ya danganta da jirgi. Abin da ba gardama a kai shi ne 'yan fashin suna son jiragen bayi sosai, don suna da gudu da faɗi ga wurin ɗora igwa. Shahararren jirgin Blackbeard, Queen Anne's Revenge, asalinsa jirgin bayi ne na Faransa da ya kama a 1717 da ɗaruruwan mutane a ciki, kuma bai 'yanta su ba, ya bar Faransawan suka ƙarasa da mafi yawansu kasuwa. Jirgin wani ɗan fashin, Sam Bellamy, da ya nitse a gaɓar Amurka a 1717 aka gano shi a 1984, sunan garin Wida ma yake ɗauke da shi a jikin ƙararrawarsa.

Shi ya sa ni in na ɗauki littafin irin wannan na ga an yi shafi ɗari uku a tekun 1720 ba a ambaci abin da ke ƙasan jirage ba, ina jin daɗin faɗan takobin dai amma na san marubucin ya kau da kai da gangan.

Daga wata ɗaliba, Zariya:

"Yaya ni matsalata da labaran nan ɗaya ce, mace kullum 'yar gwamna ce da doguwar riga tana jiran a zo a cece ta ko a sace ta, in an ga dama a ƙarshe a ba ta takobi na minti biyar. Wai babu mata a harkar ne da gaske?"

Akwai ƙanwata, sai dai waɗanda aka fi yayatawa ba su ne manya ba. Anne Bonny da Mary Read su ake ta maimaitawa, sun yi fashi tare da Jack Rackham a Karebiyan, aka kama su a 1720, wata mata da suka yi wa fashi ta ba da shaida a kotun Jamaika cewa kayan maza suka sa kowacce da bindiga da adda, har suna cewa a kashe ta kada ta tona su. An yanke musu rataya suka ce suna da ciki aka dakatar, Mary ta mutu a kurkuku a 1721. Duka harkar tasu a ƙaramin jirgi ce kuma 'yan watanni ne, wani littafin tarihin 'yan fashi da ya fito a Landan a 1724 shi ya ɗaga sunansu.

In girma kike nema ki duba Sin. Matar da ake kira Zheng Yi Sao mijinta, shugaban 'yan fashin teku, ya mutu a 1807 ta karɓi ragamar ƙungiya mai ɗaruruwan jirage da dubban mayaƙa, sojan ruwan sarkin Sin suka yi ta fama da ita suka kasa, a 1810 ta zauna da hukuma ta yi ciniki aka yi musu afuwa, ta koma gari da dukiyarta ta rayu har 1844. Gwada ta da Blackbeard da bai wuce shekara biyu yana tashe ba aka sare kansa aka rataya a goshin jirgi.

Kusa da mu kuma akwai Sayyida al-Hurra ta Maroko, zuriyar waɗanda suka baro Andalus, ta mulki birnin Tetuwan har zuwa 1542, jiragenta suna farautar na Sifaniya da Fotugal, kuma da ita ake zama a yi cinikin fansar fursunoni. Da Sarkin Fas ya nemi aurenta shi ya taso ya zo garinta aka ɗaura. Amma kar ki ce na ce waliyyai ne, su ma kama mutane suke a biya su saki, abin da Hajiyar Gusau ta faɗa ya hau kansu su ma.

Daga wani malamin makaranta, Damagaram:

"Malam ina da ƙorafi. Turawa in sun rubuta labari Francis Drake jarumi ne, Khairuddin Barbarosa kuma ɗan fashi. Na kalli shirin Turkiyya na ga akasin haka. Wa za mu yarda da shi?"

Malam Allah Ya ƙara basira, ai laifi tudu ne. Duka biyun da izinin sarki suka yi aikinsu. A wancan zamani gwamnati takan ba mai jirgi takardar izini ya farauci jiragen abokan gaba a raba ganima da ita, to a gida sunansa bawan sarki, a wajen waɗanda ya cuta kuma ɓarawo. Drake ya wawushe jiragen Sifaniya Sarauniya Elizabeth ta ba shi sarauta a 1581, Sifaniyawa kuwa har gobe ɗan fashi suke ce masa, kuma kafin nan ya yi tafiye-tafiyen cinikin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma tare da ɗan'uwansa John Hawkins. Henry Morgan ya ci birnin Panama a 1671, maimakon igiya sai ya ƙare a mataimakin gwamnan Jamaika.

Khairuddin kuma shi da wansa Aruj suka kama Aljas, babban birnin Aljeriya na yanzu, a 1516, daga baya Sarkin Musulmi Sulaiman na Daular Usmaniyya ya naɗa shi babban kwamandan sojan ruwa, ya karya rundunar ƙawancen Turawa a Preveza a 1538, ya kwaso Musulmin Andalus da ake tsanantawa ya tsallako da su Arewacin Afirka, ya rasu a Istanbul a 1546 kuma kabarinsa na nan ana ziyarta. Wannan duk gaskiya ne, kiran sa ɗan fashi kawai rage masa matsayi ne. Haka kuma gaskiya ne a 1544 ya kwashe mutanen tsibirin Lipari na Italiya dubbai aka kai su kasuwar bayi. Shirin Turkiyya ba zai tsaya a kan wannan ba kamar yadda littafin Ingila ba zai tsaya a kan bayin Drake ba, kowa nasa yake wankewa. Tunda malami ne kai, ka ba ɗalibanka ɓangarorin biyu su yi muhawara, za ka sha mamakinsu.

Daga wani ma'aikacin banki, Kaduna:

"Ni na gwada karanta ɗaya na ajiye, shafi goma ana ta lissafin igiyoyi da sunayen iska, barci ya kwashe ni."

Ba kai kaɗai ba ne yallaɓai. Wasu marubutan tsoffin ma'aikatan jirgi ne ko masu son a san sun yi bincike, sai su juye maka komai. Tsallake wajen igiyoyin, ba wanda zai yi maka jarrabawa, in labarin bai kama ka ba bayan an ci jirgin farko to ba naka ba ne.

Daga wata marubuciyar onlayin, Sakkwato:

"Malam ina rubuta littattafai ina sakewa a WhatsApp, yawanci na soyayya, amma ina sha'awar in gwada na 'yan fashin teku da Hausa. Ƙawayena suna min dariya wai Bahaushe ina ya ga teku, ni kaina ban taɓa gani ba. In haƙura ko in gwada? kuma jarumin zai yiwu ya zama Bahaushe ba tare da abin ya zama shirme ba"

Ki gwada 'yar'uwa. Masu littattafan yaƙi na kasuwa da muka taso muna haya ba su taɓa ganin birnin aljanu ba kuma sun rubuta mun karanta har muna faɗa a kan juzu'i na gaba. Abin da zan ce kawai kada ki ɗauko Bature mai aku ki sa masa suna Ɗanladi, masu karatu za su gane.

Kuma Bahaushe ya ga teku, ta hanya mafi muni. Ki bar zamanin su Roberts ki sauko farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da suka fara a 1804, an kama mutane da yawa daga ƙasar Hausa ta kowane ɓangare an yi kudu da su an sayar a tashoshi irin su Ikko da Wida, da yawa suka ƙare a Bahiya ta ƙasar Birazil. A watan Mayu na 1807 hukumar Salvador, babban birnin Bahiya, ta bankaɗo wani shirin tawaye na Hausawa, kuma cikin abin da rahoton hukuma ya ce sun shirya har da ƙwace jirage a tasha su komo gida. An kama su kafin ranar, aka kashe shugabannin, amma Hausawan Bahiya sun sake tashi a 1809 da 1814. To marubuci me yake jira? ki ce a labarinki wasu sun tsira sun samu jirgin.

Daga nan tekun cike take da abin rubutu. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807 ta zuba jiragen sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma, wanda suka kama su kai Firitawun ta Saliyo a saki mutanen ciki, a 1824 ma dokarta ta sa cinikin a sahun fashin teku. Ga masu fasa-ƙwaurin bayi suna gudu, ga 'yan fashi na gaske suna farautar kowa, ga jaruminki a tsakiya da jirgin da bai iya tuƙawa ba, dole ya bar wani daga cikin waɗanda suka ɗaure shi da rai don shi ya san hanya. Ruwan sha zai ƙare, za su ga wani jirgi daga nesa, sai sun yanke shawara su tare shi ko su mutu da ƙishi, kuma tunda kin iya soyayya kin san inda za ki saka ta.

Wajen bincike ki nemi hoton jirgin wancan lokaci ki san ina ake kwana ina ake girki ina ake ajiye albarushi, ki san cewa daga Bahiya zuwa gaɓar Gini tafiyar makonni ce ba kwana uku ba, kuma bindigar lokacin harbi ɗaya take sai an sake ɗurawa, kar jarumi ya yi ta ɓarin wuta kamar fim ɗin Indiya. Abin da ba ki da sunansa da Hausa ki kwatanta shi yadda mutumin da ya taso a Gobir zai kwatanta in ya fara gani, hakan ma zai fi daɗin karatu. In kin gama babi na farko ki turo mana ta adireshin mujalla, in edita ya yarda mu sa shi a wannan fili masu karatu su faɗi ra'ayinsu.